Tsirkiya Shida, Yatsu Uku

Shekara arba'in da ɗaya nake ɗaukar wa Osvaldo kaya.
Ni ne mai naɗe waya, ni ne mai jan akwatin lasifika.
Kunnena na hagu a bakin aikinsa na bar shi,
a filin ƙwallon Rosario, daren da aka tafka ruwa
mutum dubu talatin suka ƙi tafiya gida.

A lokacin yatsunsa ba su san jira ba.
Kamar ɓarawon da aka biyo yake bin wuyan jita,
sama, ƙasa, ya sake hayewa,
gashi har kafaɗa, riga sharkaf da gumi.
Tsirkiya ta tsinke, ya ci gaba da biyar.
Wata ta tsinke, ya yi dariya.
In ya kaɗa, gilasan tagogi na rawar ɗari har unguwa ta uku.
Soja ke mulki, baki ba ya faɗa,
sai jita ta faɗa, da ƙarfi,
ba kuma wanda ya san yadda ake kai ta kotu.

Sannan Tito mai ganga ya tafi,
a hanyar Kordoba, da asuba, motar shanu.
Sannan faifai ya daina sayuwa.
Sannan sanyin ƙashi ya zo ba sallama,
ya kama ƙaramin yatsa ya lanƙwashe shi kamar ƙugiya,
ya ce wa sauran ukun: ku ma ina nan tafe.

Shekara biyu jita na ƙarƙashin gado.
Ina zuwa duk Laraba in goge mata ƙura,
yana zaune yana kurɓar ganyen mate, bai dube ni ba.

Jikarsa ce ta fito da ita, ba da saninta ba.
Milagros, wata huɗu, ba ta barci.
Ya ɗauko jita, bai haɗa ta da wuta ba,
ya taɓa tsirkiya ɗaya, a hankali, don kada uwar ta farka.
Ya jira sautin ya mutu.
A nan ya ji abin da bai taɓa ji ba:
ashe sauti yana da wutsiya,
shekara da shekaru yana taka ta yana wucewa.

An ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.
Ba a gaya mana abin da ke sauya makaɗi ba.

Yanzu muna wani ɗaki a bakin kogin Parana,
kujera arba'in, wasu babu kowa,
ƙamshin soyayyen kifi na shigowa ta ƙofar baya.
Akwatin da nake ɗauka, da hannu ɗaya ne.
Yana zaune, tabarau a hanci,
inda dā yake zuba sauti ɗari
yanzu bakwai yake ajiyewa,
ɗaya bayan ɗaya, kamar mai lissafin sauran kuɗin aljihu.

Daren jiya wani mai tumbi da tsohuwar rigarmu ya miƙe:
«Osvaldo, ta dā! Irin ta filin ƙwallo!»
Ya dube shi ta saman tabarau.
«Ita ce wannan,» ya ce. «Ba ka gane ta ba ne da furfura.»

Ya danna tsirkiya ta uku, ya tura ta sama,
ya riƙe.
Yatsa na karkarwa, sautin ma na karkarwa,
ya bar wurin da gangar Tito za ta shiga,
ba wanda ya shiga.
Mai kawo abinci ta tsaya da faranti biyu a hannu.
Wani jirgin hatsi ya yi kuka can tsakiyar ruwa.

Ni kuwa na juyo da kunnen dama,
wanda ya rage mini,
na manta ban naɗe wayar ba.